Daga Inuwar Laima Zuwa Mota Mai Sulke: Tarihin Fitar Shugabanni Cikin Jama'a

'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, na Damazin da Rusairis, da na Sinnar da Mai Wurno, da na ƙauyukan Jazira, da waɗanda yaƙi ya warwatsa zuwa wasu garuruwa. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata gardama ce da ta tashi a zauren dattijon da nake yi wa aikin rubutu. An yi rasuwa a wani ƙauye na 'yan'uwanmu, kuma ya zama dole ya je ta'aziyya. Samari suka zo da shawararsu: a fito da bokisi, a shimfiɗa darduma a bayanta, a kafa masa kujera, motoci da babura su biyo baya, domin kowa ya ga cewa muna nan kuma muna da babba. 'Ya'yansa kuwa suka ce ko ƙofar gida ba zai taka ba, a aika wakili da wasiƙa. Hujjarsu ita ce abin da ya auku a wannan wilaya a watannin Yuli da Oktoba na 2022, lokacin da aka yi asarar ɗaruruwan rayuka, da kuma yaƙin da ya ɓarke a ƙasar a Afrilun 2023. Dattijo ya saurari kowa, sannan ya juyo wajena ya ce, "Malam, kai da kake yawan karance-karance, yaya na gaba suka yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana guda." Abin da na tattara masa ne nake so in raba da ku.

Wannan gardama ta girmi mota nesa ba kusa ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san labarin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, yadda baƙo daga ƙasar manyan sarakuna ya same shi yana barci a ƙasa ba mai gadi. Amma kuma shi ne Abu Lu'ulu'a ya soka da wuƙa a masallaci, yana jan sallar asuba, a shekara ta 23 bayan Hijira. An kashe Sayyidina Usman a cikin gidansa a shekara ta 35. A watan Ramadan na shekara ta 40, Hawarijawa uku suka ƙulla cewa za su kashe shugabanni uku a asuba guda. Ibn Muljam ya sari Sayyidina Aliyu a Kufa, ya rasu. Mu'awiya ya ji rauni a Sham, ya warke. A Masar kuwa Amru ɗan Asi bai fito ba saboda rashin lafiya, sai aka kashe Harija ɗan Huzafa wanda ya tsaya a madadinsa. Masana tarihi da yawa suna cewa bayan wannan ne Mu'awiya ya sa aka yi masa maƙsura, wato wani keɓantaccen wuri a cikin masallaci inda zai yi salla cikin tsaro. Ku riƙe sunan Harija, domin za mu yi ta gamuwa da irinsa a wannan tarihi: mutumin da ba shi aka nufa ba, amma shi ya mutu.

A ƙasar Hausa, kakanninmu sun tsara wa abin hanyarsa. Sarki yana fita ranar Salla a kan doki, an ɗaga masa laima, yadda talakan da ke can ƙarshen taro zai gane inda yake. A Kano har yau akwai Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, inda sarki ke ratsa unguwanni, jama'a suna jinjina masa yana amsawa. Sai dai wanda ya lura zai ga cewa fitar ba ta ganganci ba ce. Akwai 'yan bindiga, akwai 'yan sulke da 'yan lifida, ga dogarai sun kewaye shi ta kowace fuska. In zai hau ko zai sauka, ko zai gyara rawani, dogarai su baza manyan rigunansu su kare shi daga idon mutane. Hakimai kowa da gurbinsa a jerin, don haka baƙuwar fuska ba ta kusantar sarki ba a gane ta ba. Haƙƙi biyu aka haɗa a wuri guda: talaka ya ga sarkinsa, sarki kuma ya koma fada lafiya. Mu kanmu zuriyar mutanen da suka bi shugaban da suke gani da idonsu ne. Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a watan Yulin 1903 a tsakiyar jama'arsa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar ayarin zuwa gabas, har suka sauka a bakin wannan kogi kusa da Sinnar.

Da mota ta zo, sai ta gaji doki a wannan aiki. Shugaba yana tsaye ko yana zaune a buɗaɗɗiyar mota, ana tafiya a hankali, yana ɗaga hannu. Amma mota ta zo da rauninta. Dole ta bi titi, titin kuwa an sanar da shi tun da wuri domin jama'a su taru, ga gidajen sama a gefe da gefe, ga bindigar zamani da ke cin nesa. Ranar 28 ga Yunin 1914, a birnin Sarayebo, aka harbe magajin sarautar Ostiriya, Franz Ferdinand, da matarsa a cikin buɗaɗɗiyar motarsu. Cikin makonni kaɗan yaƙin duniya na farko ya kama.

Shekara goma bayan haka irin wannan ta faru a kan Sudan. Ranar 19 ga Nuwamban 1924, Gwamna Janar na Sudan, Sir Lee Stack, wanda kuma shi ne Sardar na sojan Masar, yana cikin motarsa a Alƙahira, wasu matasa 'yan kishin ƙasa suka buɗe masa wuta. Direbansa da dogarinsa suka ji rauni, shi kuwa ya rasu washegari. Ingila ta aika wa gwamnatin Sa'ad Zaglul takardar sharuɗɗa: a biya tarar fam 500,000, a kwashe sojan Masar daga Sudan, kuma a cire iyakar fadan 300,000 da aka sa wa noman ban-ruwa a Jazira. Zaglul ya yi murabus. A ƙarshen watan, sojojin Sudan ƙarƙashin Abdul Fadil Almaz suka yi tawaye a Kartum, aka murƙushe su, shi ma ya rasu a wurin. Aikin madatsar Sinnar ya riga ya yi nisa a lokacin, an kammala shi a 1925, kuma daga baya an daidaita maganar ruwa a yarjejeniyar 1929. Duk da haka abin lura ne cewa harbin da aka yi wa mota guda a Alƙahira ya shiga lissafin gonakin audugar da kakanninmu suka zubar da gumi a cikinsu, alhali yawancinsu ba su ma taɓa jin sunan mai motar ba.

Ranar 1 ga Maris na 1954 shugaban Masar, Muhammad Najib, ya sauka a Kartum domin buɗe majalisar dokoki ta farko. Dubban Ansar suka fito suna kiran 'yancin kai, ba su son haɗewa da Masar. Masu tsaro suka sauya wa baƙon hanya, suka kai shi fada ta wani titin. Taron ya bi shi can, aka yi arangama da 'yan sanda, mutane da yawa suka mutu, har da Baturen da ke shugabantar 'yan sandan Kartum, aka ɗage buɗe majalisar. Baƙo ya tsira, masu masauki suka binne gawawwaki.

Amma kada mu ɗauka tarihin buɗaɗɗiyar mota duk jini ne. Ta yi ranarta, kuma akwai abin da take bayarwa wanda babu abin da zai maye gurbinsa. A Fabrairun 1965 Sarauniyar Ingila Elizabeth ta ziyarci Sudan, har ta iso nan ta duba aikin hazzan na Rusairis, wanda aka kammala a 1966. A ƙarshen Agustan 1967, wata biyu da 'yan kwanaki bayan Masar ta sha kashi a yaƙin Yuni, Jamal Abdun Nasir ya zo taron shugabannin Larabawa a Kartum. Mutanen birnin suka cika hanya tun daga filin jirgi, suka yi wa motarsa ƙawanya, suna tarbarsa kamar wanda ya ci yaƙi. Wannan tarba ta mayar masa da ƙarfin gwiwa a idon duniya, abin da ba zai samu ba da a rufe ya wuce. Mu da muka yi ƙuruciya a zamanin Numairi mun san yadda ake jera 'yan makaranta a bakin hanya tun hantsi domin a ga shugaba na ɗan lokaci, mu koma gida muna ta ba da labari. Gani ya kori ji. Talakan da ya ga fuskar mai mulkinsa yakan ji cewa shi ma an san da zamansa.

Amurka ce ta fara rufe wannan babi. Ranar 22 ga Nuwamban 1963, a birnin Dalas, aka harbe Shugaba John Kennedy yana zaune kusa da matarsa a buɗaɗɗiyar mota ƙirar Lincoln. Gwamnan jihar, John Connally, da ke kujerar gabansa, ya ji mummunan rauni. Ba a jefar da motar ba. An sake gina ta, aka yi mata rufi da sulke da gilashin da harsashi ba ya hudawa, shugabannin da suka biyo baya suka ci gaba da hawanta har 1977. Mota guda ta ga zamani biyu.

Labarin da ya fi taɓa zuciyar Bahaushe shi ne na Janar Murtala Ramat Muhammad, ɗan Kano. Ya hau mulkin Najeriya a ƙarshen Yulin 1975, ya ƙi jiniya da doguwar kwamba, ya ci gaba da zama a gidansa na Ikoyi, yana bin cunkoson Legas kamar kowa. Mutane suka ƙaunace shi saboda wannan sauƙin kai. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, da safe, yana hanyar zuwa ofishinsa a barikin Dodan cikin baƙar Marsandi marar sulke, ba rakiyar soja, cunkoso ya tsayar da motar kusa da sakatariyar tarayya. Sojojin da ke cikin makircin Laftanar Kanal Buka Suka Dimka suna jira a wurin, suka yi wa motar ruwan harsashi. Ya rasu yana da shekara 37, bayan kimanin kwana 200 a kan mulki. Dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, da direbansa sun mutu tare da shi. Juyin mulkin bai yi nasara ba, amma daga baya an harbe fiye da mutum talatin bisa hukuncin kotun soja, abin da ya bar tabo a zukatan al'ummomi da dama. An kai gawarsa Kano aka binne. Motar tana gidan tarihi na Onikan a Legas, da hudojin harsashi a jikinta. Babu mai zargin Murtala da tsoro ko girman kai. Sai dai tawali'unsa ya sa maƙiyansa sun san hanyarsa da lokacin fitarsa, kuma ba shi kaɗai ya biya ba.

Maƙwabciyarmu Masar ta ga fuska biyu na wannan al'amari. Ranar 6 ga Oktoban 1981 Anwar Sadat yana kallon faretin soja a Alƙahira, wata babbar mota ta tsaya a gaban rumfar manya, Laftanar Halid Islambuli da abokansa suka diro suka buɗe wuta. Sadat ya mutu tare da wasu da ke zaune kusa da shi. Mataimakinsa Husni Mubarak yana wurin, ya tsira, kuma ya riƙe darasin. Ranar 26 ga Yunin 1995, da ya sauka a Adis Ababa domin taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, 'yan bindiga suka tare ayarinsa a hanyar filin jirgi. Yana cikin mota mai sulke, harsashi bai shiga ba, direba ya juya, shugaban ya hau jirginsa ya koma gida. Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. An zargi gwamnatin Sudan da ɓoye uku daga cikin waɗanda ake nema, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa wa ƙasar takunkumi a 1996, ba a ɗage ba sai a Satumban 2001. A Kartum ma, ranar 9 ga Maris na 2020, an tayar da bam a kan ayarin Firayim Minista Abdalla Hamdok kusa da gadar Kobar, ya fita lafiya.

Sulke yana tare harsashin da ya zo daga waje, amma ba ya maganin na cikin gida. Shugaban Nijar Ibrahim Ba'are Mainasara, ranar 9 ga Afrilun 1999, a filin jirgin saman Yamai, dakarun da ke tsaron fadarsa ne suka harbe shi. Sarki Faisal na Saudiyya, ranar 25 ga Maris na 1975, ɗan ɗan'uwansa ne ya harbe shi a cikin majalisarsa. Saboda haka yawan bindigogi a kewayen shugaba ba shi ne aminci ba, matuƙar zukatan masu riƙe da su ba su tare da shi.

Sai kuma abin da ya faru a Kano ranar 19 ga Janairun 2013. Sarki Ado Bayero, wanda ya hau gado a 1963, ya halarci saukar karatun Alƙur'ani a Masallacin Murtala, inda kabarin Janar ɗin yake. Yana fitowa 'yan bindiga suka auka wa ayarinsa. Direbansa da wasu dogaransa suka rasu, 'ya'yansa biyu suka ji rauni, sarki ya tsira. Mutanen Kano sun ba da labarin yadda dogarai suka rufe shi da jikinsu. Rigar nan da suke bazawa ranar Salla, wadda yaro zai ɗauka ado ce kawai, ta nuna ainihin ma'anarta a wannan rana. Shekara 37 ne tsakanin rasuwar Murtala da wannan hari, kuma a duka biyun direba da dogari ne suka fara faɗuwa.

Da na gama karanta wa dattijo waɗannan, na gaya masa abin da na fahimta. Ran shugaba ba nasa ba ne shi kaɗai. Idan aka taɓa shi, na kusa da shi ne ke fara mutuwa, sannan ramuwa da zargi su sauka a kan jama'ar da ba su ji ba ba su gani ba. Ga al'umma irin tamu, da ke zaune cikin maƙwabta a lokacin da zukata ba su gama hucewa ba, jifa guda a kan motar dattijo na iya tayar da wutar da za ta ci ƙauyuka. Wanda ya fita ba shiri yana cewa tawakkali yake yi, da ran direbansa da na samarin da ke bayansa yake caca. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi kowa dogara ga Ubangijinsa, amma ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru, ya ɗauki ɗan jagora, ya bi hanyar gaɓar teku wadda ba a saba bi ba, kuma ya sa sulke biyu ranar Uhudu.

Na kuma gaya wa 'ya'yansa nasu. Shugaban da ya shige bayan baƙin gilashi, jiniya tana korar mutane daga hanyarsa, ya tsira da jikinsa amma ya rasa abin da ya sa ake kiransa shugaba. Ba ya jin kukan kowa sai abin da na kusa suka ga dama suka gaya masa. Mun ga masu mulki da yawa da harsashi bai taɓa samu ba, amma jama'a suka juya musu baya. Dattijon da bai zauna a tabarmar makoki ba, ranar da zai kira mutane sulhu ba za su amsa ba. Wasiƙa ba ta share hawaye, ko da ni na rubuta ta.

Ga yadda aka yi a ƙarshe. Dattijo ya je. Ba a sanar da rana ko sa'a a Facebook ko WhatsApp ba, mutum uku kawai suka sani. Tun da daddare aka aika wa shehunan ƙabilun da za mu ratsa garuruwansu cewa ta'aziyya ce ta kawo mu, domin kada wani ya ga motoci ya fassara su da nuna ƙarfi. Ɗaya daga cikinsu ya turo ɗansa ya shiga motarmu ya raka mu, kuma a ganina wannan saurayi ya fi mana kowane sulke. Mota biyu muka tafi da su, a rufe, ba tuta, ba makami, ba babura. An tambayi direba ra'ayinsa kan hanya, domin shi ma yana da iyali. Da muka isa, dattijo ya sauka tun daga bakin gari, ya taka da ƙafarsa zuwa siwan, ya yi musafaha da babba da yaro, ya zauna a tabarma, ya sha jabana, ya saurari koke-koken da ba su da alaƙa da rasuwar, ni kuma ina rubutawa. Kafin magariba mun dawo gida. Samarin da suka so a yi maukibi sun ɗan ji haushi, amma mutanen ƙauyen sun ga babbansu kusa da kusa, fiye da yadda za su gan shi a bayan bokisi cikin ƙura.

Ina roƙon duk mai hannu a shirya fitar wani babba, ko ta'aziyya ce, ko sulhu, ko saukar karatu, ko Mauludi, ya riƙa tuna direba da ɗan rakiya da yaron da ke tsaye a bakin hanya. A yi shiri a ɓoye, a nemi yardar maƙwabta, sannan a bar dattijo ya zauna cikin mutanensa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare shugabanninmu da masu tsaronsu, Ya kawo ƙarshen wannan yaƙi, Ya zaunar da Sudan da ƙasar Hausa lafiya.